Yadda za ka saita wayarka ta san lokacin yin shiru da lokacin yin ƙara

An tayar da salla, masallaci ya yi tsit, sai wayar wani ta ɓarke da kiɗa a tsakiyar sahu. Wannan kowa ya san shi. Akwai kuma kishiyarsa wadda ta fi ciwo: mutum ya kashe ƙarar waya saboda taro, ya manta bai mayar ba, sai can da dare ya tarar da kiran gida rututu, an yi ta nemansa ba a samu ba. Tushen matsalar ɗaya ne, wato mun ɗora wa kanmu aikin tuna kashewa da kunnawa, alhali wayar za ta iya yin aikin da kanta in an koya mata.

Abin da za ka riƙe tun daga farko shi ne, waya ba ta san gaibu ba. Alamomi take bi ta yi hasashen inda kake da abin da kake yi, kuma wasu alamomin sun fi wasu gaskiya. Kusan duk saitin da ya ba mutane haushi har suka watsar da shi, daga zaɓen alama mara tabbas ya samo asali.

Da me waya ke gane halin da kake ciki

Agogo shi ne na farko, kuma shi ne bai taɓa ƙarya ba. Sai Bluetooth: in wayarka ta haɗu da rediyon motarka, babu tantama kana cikin motar. Sai Wi-Fi na wuri ɗaya tsayayye, kamar na ofis. Sai manhajar da ka buɗe, sai kalandar da ka rubuta taro a ciki. Waɗannan duk masu ƙarfi ne. Masu rauni su ne GPS da 'yar na'urar jin motsi da ke cikin wayar. GPS na iya kuskure da mita masu yawa, musamman a cikin gini ko cikin kasuwa mai rufin kwano, ita kuwa na'urar motsi ta san kana gudu a kan titi amma ba ta san ko kai ne riƙe da sitiyari ba. Ƙa'idar da za mu bi ke nan: duk inda agogo ko Bluetooth za su wadatar, kada a nemi GPS.

Sunayen da ke cikin saitin waya da Turanci suke, kuma sukan ɗan bambanta tsakanin kamfani da kamfani. In ba ka ga suna a inda na faɗa ba, shiga saiti ka rubuta shi a wurin bincike da ke sama.

Mataki na farko: rage hayaniyar tukuna

Kada ka fara da tsara lokuta alhali manhajoji sittin na da izinin damunka. Zauna minti goma ka yi shara. A Android, duk sanarwar da ta faɗo, danna ta ka riƙe, zaɓi zai fito na kashe ta ko mayar da ita mara sauti. Tun daga Android 8 na shekarar 2017 aka raba sanarwar kowace manhaja gida-gida, don haka ba dole ba ne ka kashe duka. A manhajar banki, alal misali, kana iya rufe gidan talla ka bar gidan shigar kuɗi. Daga Android 13 na 2022 kuwa, sabuwar manhaja sai ta nemi izininka kafin ta fara turo sanarwa. Wasanni, manhajar gyaran hoto, manhajar tura fayil, duk ka ce musu a'a. A iPhone, shiga "Settings", sai "Notifications", ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

WhatsApp shi ne uban hayaniya. Kowane zaure kana iya rufe masa baki na awa 8, ko mako guda, ko har abada. Zauren tsofaffin ɗalibai, na unguwa, na siyasa, na masu turo gaisuwar Juma'a da hoton fure, duk ka zaɓa musu har abada. Ba fita ka yi ba, babu wanda zai ga ka yi hakan, kuma in wani ya ambaci sunanka ko ya amsa saƙonka kai tsaye za a sanar da kai. A ɓangaren "Privacy" kuma, ƙarƙashin "Calls", akwai "Silence unknown callers" da aka ƙara a 2023, wanda ke hana kiran WhatsApp na baƙuwar lamba yin ƙara. Ɗan kasuwar da sababbin kwastomomi ke kira ta nan kada ya kunna shi.

Mataki na biyu: su wa za su wuce ko da an rufe ƙofa

Wannan matakin ya fi sauran muhimmanci, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Yanayin "Do Not Disturb", wato "kada a dame ni", tamkar maigadi ne a bakin ƙofa: in ba ka ba shi sunayen 'yan gida ba, har mahaifiyarka zai mayar.

A Android, buɗe lambobinka, ka sa wa mutanen da ba ka son rasa kiransu alamar tauraro: iyaye, mata ko miji, makarantar yara, maigidanka a wurin aiki in aikin na buƙatar haka. Kada su wuce goma, in suka yi yawa tsarin ya tashi a banza. Daga nan ka shiga "Do Not Disturb", ɓangaren mutane ko kira, ka zaɓi masu tauraro kaɗai. A iPhone ana kiran su "Favourites", kuma a cikin kowane "Focus", wato yanayin shiru na iPhone, akwai "People" inda za ka zaɓe su. IPhone na da wani ƙarin: buɗe lambar mutum, danna gyara, shiga wurin zaɓar sautin kira, ka kunna "Emergency Bypass". Kiran wannan mutumin zai yi ƙara ko da wayar na a kashe sauti gaba ɗaya. Mutum ɗaya ko biyu ya kamata a ba wannan, kuma ka tuna cewa a masallaci ma zai yi ƙarar.

Akwai kuma zaɓin mai maimaita kira. A Android, wanda ya sake kira cikin minti 15 zai wuce, a iPhone kuwa cikin minti 3. An yi shi ne don larura, domin wanda ke asibiti da wayar aro ba ya cikin masu tauraronka. Sai dai a wurinmu kira biyu a jere ba alamar larura ba ce kullum. Mai filashin sau biyu ma ya cika sharaɗin, haka mai son tambayar ko ka tashi lafiya. Ni shawarata a bar shi a kunne a yanayin barci, domin a nan ne rasa kiran gaggawa ya fi haɗari, a kashe shi a yanayin salla da taro, tunda minti ashirin ne ko awa guda.

Sai batun alat. Saƙon banki yawanci da sunan banki yake zuwa, ba da lamba ba, saboda haka babu yadda za ka sa masa tauraro. Mai shago ko mai POS da ke jiran alat kafin ya miƙa kaya ya shiga ɓangaren manhajoji na "Do Not Disturb" ya ba manhajar bankinsa izinin wucewa. Wannan ya fi a buɗe wa manhajar saƙonni baki ɗaya, domin ita za ta shigo da tallan kamfanin layi da komai. Kuma dama duba kuɗi a cikin manhajar banki ya fi dogaro da saƙon tes, wanda 'yan damfara ke iya kwaikwaya.

Mataki na uku: yanayin barci

Fara da wannan domin agogo kawai yake buƙata.

A iPhone, shiga "Settings", sai "Focus", tsarin da ya zo da iOS 15 a 2021. Zaɓi "Sleep" ko "Do Not Disturb", ka sa mutanenka, ka sauka wurin tsara lokaci ka saka, misali, daga 10:30 na dare zuwa 5:00 na asuba. A Samsung, shiga "Modes and Routines", wanda a da ake kira "Bixby Routines" kafin a sauya masa suna a One UI 5, ka zaɓi "Sleep". A Tecno, Infinix, itel, Redmi da sauransu, nemi "Do Not Disturb" a ƙarƙashin sauti ko sanarwa, ka shiga "Schedules", ka saka ranaku da lokaci.

Abu biyu za ka duba kafin ka kwanta. Na farko, ƙararrawar tashi. A iPhone tana bugawa ko da an kunna "Focus", amma a Android akwai maɓallin "Alarms" a cikin "Do Not Disturb", ka tabbatar a kunne yake. Na biyu, manhajar kiran salla. Da yawansu ba a matsayin ƙararrawa waya ke ɗaukar kiran sallarsu ba, sanarwa ce kamar kowace, don haka za a toshe ta tare da sauran. Saka ta a jerin manhajojin da aka yarje wa, in ba haka ba a watan azumi sai ka farka rana ta fito ba sahur.

Wasu wayoyin Android na ba da zaɓin yanayin barci ya kunnu in an jona caji da dare. An tsara shi ne don ƙasashen da mutum ke jona waya a gefen gado kullum a lokaci guda. Inda wuta ke zuwa yadda ta ga dama, ko inda ake kai waya wurin mai caji, caji ba alamar barci ba ne. Bar shi a kan agogo.

Mataki na huɗu: salla da Juma'a

Nan ne mutum zai so ya ce wa wayar, in na shiga masallaci ki yi shiru. Ana iya yi, amma akwai tarko. Da'irar da waya ke zanawa a taswira ba ta cika yin aiki daidai ba in ta gaza kimanin mita 100. Masallacin unguwa kuwa sau da yawa yana jikin gidanka ko bayan shagonka, ke nan da'irar za ta haɗiye gidan da shagon, wayar ta wuni a shiru. GPS ya dace ne kawai da babban masallacin Juma'a da ke nesa da inda kake zama.

Ga Juma'a, agogo ya wadatar. Ƙirƙiri tsari na ranar Juma'a kaɗai, ya fara kafin lokacin da limaminku ke hawa mumbari, ya ƙare bayan an saba idarwa, ka ƙara minti goma a kowane gefe. Azahar da la'asar da lisha ma, tunda masallatai da yawa suna da tsayayyen lokacin jam'i na tsawon watanni, kana iya yi musu tsari na minti ashirin-ashirin. Magariba da asuba ne ke tafiya. A Kano, faɗuwar rana na motsawa da kusan awa guda tsakanin Nuwamba da Yuli, don haka tsarin da ka yi da sanyi ba zai yi maka aiki da damina ba. Ko dai ka riƙa gyara shi duk wata, ko ka bi hanyar hannu mai wa'adi, wadda ni na fi yarda da ita.

Ga yadda take. A Android, cikin "Do Not Disturb" akwai wurin zaɓar tsawon lokacin da zai yi in ka kunna shi daga saman allo. Maimakon "sai na kashe da kaina", zaɓi wa'adi, ko ka zaɓi ya riƙa tambayarka kowane lokaci. Ka shafo allo daga sama a bakin masallaci, danna sau ɗaya, in wa'adin ya cika ƙarar ta dawo da kanta. A iPhone, buɗe "Control Centre", wato allon maɓallan gaggawa da ake shafowa, danna "Focus", danna ɗigo ukun da ke gefen "Do Not Disturb". Za ka ga na awa ɗaya, ka ga kuma "Until I leave this location", wato har sai ka bar wurin. Wannan na ƙarshen ya yi daidai da zaman ta'aziyya, ɗaurin aure, ko ganin likita, inda ba ka san yaushe za ka tashi ba.

Mataki na biyar: tuƙi

Apple ya kawo yanayin tuƙi a iOS 11 a 2017, yanzu yana cikin "Focus" da sunan "Driving". Zaɓi uku ne: ya kunnu da kansa in ya ji motsi, ya kunnu in an haɗu da Bluetooth na mota, ko ka kunna da hannu. In motarka na da Bluetooth, ɗauki na biyu ka huta. Na farkon zai kulle maka sanarwa a cikin a daidaita sahu, a bayan ɗan acaɓa, da cikin motar haya daga Kano har Abuja, kana ta danna "ba ni ke tuƙi ba". A Samsung, buɗe "Driving" a cikin "Modes and Routines", ka sa sharaɗinsa ya zama haɗuwa da na'urar Bluetooth, ka zaɓi sunan rediyon motar. Mai babur da ke sa abin kunne na Bluetooth sai in zai hau hanya ma zai iya amfani da shi a matsayin alama.

IPhone na iya mayar wa wanda ya turo maka tes da amsa cewa kana tuƙi, kuma kana iya sauya rubutun zuwa Hausa: "Ina kan hanya, zan kira in na tsaya." Ta manhajar saƙonni yake aiki, ba ta WhatsApp ba. Ban da haɗarin rai, amfani da waya ana tuƙi laifi ne da jami'an kiyaye haɗurra ke cin tara a kansa a Najeriya.

Mataki na shida: aiki da karatu

In ofishinku na da Wi-Fi nasa, a Samsung shiga "Routines", danna alamar ƙari. Ƙarƙashin "If" zaɓi Wi-Fi ɗin ofis, ƙarƙashin "Then" zaɓi wayar ta koma jijjiga ko "Do Not Disturb", ka adana. Da ka fita daga ofis ya katse, komai zai koma yadda yake. Wayoyin Pixel na da irinsa mai suna "Rules". Amma in 'yar MiFi ce da kake yawo da ita a jaka, ba ta nuna wuri, domin duk inda ka je tana tare da kai. A nan sai ka koma agogo.

Malami ko ɗalibi mai jadawali ya rubuta darussansa a kalandar waya, sannan a "Schedules" na Android ya zaɓi tsarin da ke bin kalanda. Duk lokacin da aka rubuta darasi, wayar za ta yi shiru har ya ƙare. Akwai kuma alamar manhaja: a iPhone da Samsung kana iya cewa duk lokacin da na buɗe manhajar Alƙur'ani ko ta karatun littafi, a tsare sanarwa, in na rufe a sake su.

Ga saƙonnin da ba na gaggawa ba amma kana son gani, kamar labarai da Facebook, iPhone na da "Scheduled Summary" da ke tara su ya kawo maka a dunƙule a lokutan da ka zaɓa, misali bayan azahar da bayan lisha. Sababbin iPhone, daga 15 Pro zuwa sama, suna da "Reduce Interruptions" da ke karanta saƙo ya yanke hukuncin ko mai muhimmanci ne. Hausa ba ta cikin harsunan da aka gina shi a kansu, saboda haka ba zan ba shi amanar tantance "Baba ba lafiya, ka zo yanzu" ba. Jerin sunayen da ka yi da hannunka ya fi shi aminci.

In wayarka ba ta da waɗannan

Yawancin wayoyin Tecno, Infinix da itel suna da tsarin lokaci, amma ba duka ke da sharaɗin Bluetooth ko Wi-Fi ba. Manhajar MacroDroid na cike giɓin, kuma ta kyauta na ba da damar ƙirƙirar 'yan tsare-tsare kaɗan da za su ishi mutum. Tsarinta shi ne ka zaɓi abin da zai tayar da aiki, kamar haɗuwa da Bluetooth na mota, sannan ka zaɓi aikin, kamar kunna "Do Not Disturb". Kada ka manta ka yi na biyu mai mayarwa in an rabu, in ba haka ba wayar za ta zauna a shiru.

Wayoyi masu tsananin tattalin batir sukan kashe irin wannan manhaja a bayan fage, sai ka ga ta yi aiki yau gobe ta ƙi. Shiga saitin batir ka cire mata takunkumi, ka ba ta izinin tashi da kanta in an kunna waya. Sannan ka yi hattara da izinin da ake kira "Notification access". Duk manhajar da ka ba shi tana iya karanta sanarwarka, kuma a wayoyi da yawa har da lambobin sirrin da banki ke turowa. Daga Play Store kaɗai za ka sauke irin wannan, ban da wadda aka turo maka a zaure ko aka tura maka a shagon saka waƙoƙi.

Mataki na ƙarshe: gwaji

Kada ka jira ranar larura ta gwada maka. Kunna yanayin da hannu, ka ga alamarsa ta fito a saman allo: jinjirin wata a iPhone in "Do Not Disturb" ne (kowane "Focus" da tasa alamar), da'ira mai ɗan layi a tsakiya a yawancin Android. Ka karɓi wayar wani wanda ba ya cikin jerinka ka kira kanka, bai kamata ta yi ƙara ba. Sake kira nan take ka ga ko na biyun ya wuce yadda ka tsara. Sai ka sa wani mai tauraro ya kira ka ta layi, sannan ya kira ta WhatsApp, domin ba kowace waya ke ɗaukar su abu guda ba. In na WhatsApp bai shigo ba, ko ka ƙara WhatsApp a jerin manhajoji, ko ka gaya wa mutanen gida cewa abin gaggawa ta layi ake kira. Idan lambar mutum biyu ce, ka tabbatar duka biyun na ƙarƙashin sunan da ka sa wa tauraro. Saita ƙararrawa ta buga bayan minti biyu, sannan ka tura wa kanka naira ɗari daga wani asusun ka ji ko alat ya yi ƙara.

Bayan mako guda, mai Android ya buɗe "Notification history", wanda ya zo tun Android 11 amma sai an kunna shi, ya duba abin da ya shigo cikin awa 24 da suka wuce. Duk abin da aka tsare alhali ya kamata ya wuce, ƙara shi a jerin. Duk manhajar da ka ga sunanta ya cika shafin ba tare da ka buɗe ko ɗaya ba, koma matakin farko ka rufe ta.